Daga Ganima Zuwa Amana: Tarihin Neman Maido da Kayan Tagulla na Binin

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin kayayyakin tagulla da na hauren giwa waɗanda sojojin Ingila suka kwashe daga fadar Sarkin Binin a shekarar 1897, da kuma faɗi-tashin da aka yi tun daga wancan lokaci wajen neman a maido da su gida. Binin ɗin da ake nufi a nan ita ce tsohuwar daular nan da babban birninta ke cikin Jihar Edo ta Nijeriya, wadda ake kiran sarkinta Oba. Kada a haɗa ta da ƙasar da a da ake kira Dahomi, wadda ta ɗauki sunan Benin a 1975.

An zaɓi Binin ne domin a cikin labarinta ake samun kusan kowace irin hujja da aka taɓa kafawa game da maido da kayan tarihi, ko ta masu nema ko ta masu riƙo. Abin da takardar ke son nunawa shi ne, duk wannan doguwar gardama ta rataya ne a kan tambaya ɗaya: wane ne mai kaya, wane ne kuma mai riƙon kaya? Bahaushe yana da kalmomi huɗu da suka bambanta waɗannan matsayi, watau ganima, da ƙwace, da aro, da amana. In aka lura, tarihin kayan Binin tarihi ne na yadda aka yi ta sauya musu suna a tsakanin waɗannan kalmomi huɗu.

2.0 Matsayin Kayan a Fadar Binin

Kafin a yi maganar abin da aka ɗauke, ya kamata a san ko mene ne shi a wurin masu shi. A Binin, zubin tagulla sana'a ce ta gado, wadda ke hannun wata ƙungiya ta maƙeran fari da ake kira Igun Eronmwon, kuma unguwarsu tana nan har yau. Aikinsu na Oba ne, ba su zuba wa kowa sai da izininsa. Hanyar aikin kuwa ita ce, a sassaƙa siffar da ake so da kakin zuma, a lulluɓe ta da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sa'an nan a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. In ya huce sai a fasa yumɓun. Ke nan kowane zubi shi kaɗai ne, ba ya da na biyu.

Abubuwan da ake zubawa iri-iri ne, amma biyu sun fi shahara. Na farko su ne kawuna. Idan Oba ya rasu, magajinsa yakan sa a zuba kai domin tunawa da shi, a ɗora a dandamalin da ake girmama kakanni, a kafa sassaƙaƙƙen hauren giwa a bisansa. Na biyu su ne allunan tagulla, waɗanda aka zuba akasarinsu a ƙarni na 16 da na 17, aka manna a ginshiƙan fada. A jikinsu akwai siffofin sarakuna da hakimai da mayaƙa da bayin fada, kowa da irin tufarsa da murjaninsa da makaminsa, har da fataken Fotugal da dogon gashinsu da bindigoginsu, domin tun ƙarshen ƙarni na 15 Binin take ciniki da su. Ƙarfen ma da yawansa ta wannan ciniki ya shigo, a siffar mundaye.

A ƙasar Hausa, wanda yake son sanin jerin sarakunan Kano yana iya komawa ga rubutaccen tarihin Kano, ko ya tambayi maroƙa da makaɗan fada. A Binin kuwa, waɗannan kawuna da alluna su ne kundin da bakin dattawa ke jingina a kansa. Saboda haka abin da aka kwashe a 1897 ya wuce kayan ado. Kundin daula ne aka yayyaga, aka raba shafukansa ga ƙasashe dabam-dabam.

3.0 Yaƙin 1897

Tushen rigimar ciniki ne. Turawan Ingila da ke gaɓar teku suna son manja da roba da sauran albarkatun dajin Binin su riƙa fitowa ba tare da shamaki ba, shi kuwa Oba Ovonramwen ya riƙe ikonsa na buɗe kasuwa da rufe ta, duk da wata yarjejeniya da aka ce ya amince da ita a 1892. A ƙarshen 1896 muƙaddashin babban jami'in Ingila na yankin, James Phillips, ya rubuta wa Landan yana neman izinin tuɓe Oba, har ya nuna cewa hauren giwar da za a samu a fada zai biya kuɗin yaƙin. Wannan wasiƙa tana da muhimmanci ƙwarai, domin ta nuna an sa wa dukiyar fadar ido tun ba a zubar da jinin kowa ba.

Phillips bai jira amsa ba. Ya kama hanya da ayarinsa, alhali an aiko masa cewa Oba yana cikin wasu bukukuwan al'ada da ba ya ganin baƙo a lokacinsu. Ran 4 ga Janairu, 1897, mayaƙan Binin suka yi wa ayarin kwanton ɓauna, suka kashe Turawa bakwai da ɗimbin 'yan Afirka masu ɗaukar kaya. Turawa biyu ne suka tsira. Cikin makonni kaɗan Ingila ta tara runduna ta mutum wajen 1,200 a ƙarƙashin Admiral Harry Rawson, ta ci birnin ran 18 ga Fabrairu. Bayan kwana uku gobara ta cinye fada da babban sashe na gari. Daga baya aka kai Oba Ovonramwen Kalaba, can ya rasu a 1914.

A nan akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye, wanda bai kamata a tsallake shi ba. A cikin rundunar akwai sojojin Afirka da littattafan Turawa na lokacin suke kira Hausawa. Gaskiya ne Turawa sukan laƙaba wannan suna ga duk sojan da ya fito daga arewa ko yake jin Hausa, amma duk da haka ba za mu ce ba mu da ƙafa a cikin wannan labari ba.

An tara kayan fada a fili, dubbai, har da hotunan hafsoshi zaune a tsakiyarsu. Wasu aka raba wa hafsoshin, wasu aka kai Landan aka sayar. A wannan shekara aka baje alluna wajen 300 a Gidan Tarihi na Biritaniya, aka bar masa kimanin 200. Jamusawa kuwa, musamman Felix von Luschan na gidan tarihin Balin, suka yi ta saye a gwanjo har suka tara abin da ya haura dubu a gidajensu. Wani aikin ƙididdiga da aka ƙaddamar a intanet a 2022 ya gano kayan Binin 5,246 a gidaje 131 cikin ƙasashe 20. Sunan da aka ba su a wannan zango shi ne ganima.

To, amma ganima ce? Turawa da kansu sun riga sun yanke hukunci a kan irin wannan tun a 1815, sa'ad da aka ci Napoleon da yaƙi, aka tilasta wa Faransa ta mayar da kayan fasaha da yawa da ya kwaso daga Italiya da sauran ƙasashe. Ingila na cikin waɗanda suka tsaya a kan haka. Watau shekara 82 kafin a ci Binin, ƙa'idar tana nan, sai dai ba a ga Afirka ta cancance ta ba. Abin da aka kira ƙwace a Turai, shi aka kira ganima a Binin.

4.0 Zamanin Roƙo

Mutane da yawa suna zaton neman maido da kayan sabon abu ne. Ba haka ba ne. A tsakiyar shekarun 1930 Oba Akenzua II, jikan Ovonramwen, ya nemi a dawo masa da wasu kujerun sarauta biyu na tagulla. Da aka bi sawu sai aka same su a Balin. Ba a ba shi ba, sai dai aka zuba masa kwaikwayonsu, shi ya biya kuɗin. A 1938 wani Bature ya maido masa da wasu kayan murjani na kakansa, amma wannan kirkin mutum ɗaya ne, babu hannun hukuma a ciki.

Daga nan sai zamanin saye. Kenneth Murray da Bernard Fagg, waɗanda suka kafa harsashin hukumar kayan tarihi ta Nijeriya, sun yi ƙoƙarin tara abin da za a nuna a gidan tarihin Legas da aka buɗe a 1957. A farkon shekarun 1950 Gidan Tarihi na Biritaniya ya sayar wa Nijeriya wasu alluna da ya ce yana da irinsu. A 1980 ma gwamnatin Nijeriya ta shiga gwanjo a Landan ta sayi wasu. Mai kaya ke nan yake sayen kayansa a hannun wanda ya ɗauke.

Bayan samun mulkin kai murya ta ƙara ƙarfi. A 1970 hukumar UNESCO ta tsara yarjejeniyar hana fataucin kayan tarihi, Nijeriya ta shiga a 1972. Sai dai yarjejeniyar ba ta waiwayar baya, ba ta shafi abin da aka ɗauka kafin a kafa ta ba. Manyan masu riƙon kuma suka yi ta jan ƙafa: Faransa ba ta shiga ba sai 1997, Ingila 2002, Jamus 2007. A 1972 shugaban hukumar kayan tarihi ta Nijeriya, Ekpo Eyo, ya nemi Balin ta ba da aron wasu kaya kaɗan, aka hana. A 1977, lokacin bikin FESTAC na Legas, an ɗauki fuskar hauren giwa ta Idia, mahaifiyar Oba Esigie, a matsayin tambarin bikin. Nijeriya ta nemi aronta daga Landan, aka ce ba za ta jure tafiya ba, dole aka sassaƙa wata a gida. A 1978 shugaban UNESCO, Amadou-Mahtar M'Bow, mutumin Senegal, ya yi kira ga duniya da a mayar wa al'ummomi muhimman kayansu, kiran bai haifar da abin a zo a gani ba.

Abin lura a wannan zango shi ne kalmar da ake amfani da ita. Aro ake nema. Wanda ya ce a ara masa kuwa, ko ya sani ko bai sani ba, ya amsa cewa abin na wani ne. Ga shi kuma aron ma ba a samu ba.

5.0 Hujjojin Masu Riƙo

Adalci ne a kawo hujjojin gidajen tarihin Turai, a auna su. Ta farko ita ce doka. Dokar Gidan Tarihi na Biritaniya ta 1963 ta hana amintattun gidan fitar da kaya sai a wasu 'yan halaye ƙalilan. Wannan gaskiya ne, amma majalisar da ta yi dokar tana iya gyara ta, kuma ta taɓa buɗe ƙofa a 2009 domin kayan da 'yan Nazi suka ƙwace.

Ta biyu ita ce cewa manyan gidajen tarihi na duniya ne baki ɗaya, kamar yadda shugabannin gidaje 18 suka bayyana a wata sanarwa a 2002. Amsar ita ce, ɗalibin tarihi na Binin ko na Zariya yana bukatar biza da kuɗin jirgi kafin ya shiga cikin wannan duniya, kuma kaɗan ne daga cikin kayan ake nunawa, sauran suna rufe a ɗakin ajiya.

Ta uku ita ce tsaro, watau kayan sun fi samun kulawa a can. Wannan hujja tana da ɗan ƙarfi, za mu dawo gare ta. Amma a 2023 Gidan Tarihi na Biritaniya da kansa ya bayyana cewa kaya wajen 2,000 sun ɓace ko sun lalace a hannunsa, har shugabansa ya yi murabus. Bugu da ƙari, iya ajiya ba ya mayar da mai ajiya mai kaya.

Akwai kuma wata hujja ta huɗu wadda ba daga gidajen tarihi ta fito ba. Wasu jikokin bayi a Amurka sun ce da mundayen da aka sayi kakanninsu aka zuba wasu daga cikin kayan, don haka su ma suna da hakki a kansu. Wannan magana ce mai nauyi, domin Binin ta yi cinikin bayi, kuma ya kamata duk inda za a nuna kayan a faɗi wannan ɓangare na tarihinsu. Amma ba ta halatta abin da aka yi a 1897 ba.

6.0 Juyawar Al'amari

A watan Nuwamba na 2017, a Jami'ar Wagadugu, Shugaba Macron na Faransa ya ce yana so cikin shekara biyar a samar da hanyar maido da kayan Afirka. Ya ɗora wa Felwine Sarr da Bénédicte Savoy aikin bincike, suka miƙa rahotonsu a 2018, inda suka nuna akwai kayan Afirka ta kudu da Sahara wajen 90,000 a gidajen gwamnatin Faransa. A 2021 Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin kaya 26 da aka kwashe daga fadar Abomey a 1892. Adadin kaɗan ne, amma an fasa ƙwai.

Game da Binin ta Nijeriya, jami'o'i ne suka fara. A watan Oktoba na 2021 wata kwaleji ta Jami'ar Kambirij ta miƙa zakaran tagulla, washegari Jami'ar Aberdeen ta miƙa kan wani Oba. Babban mataki kuwa shi ne na Jamus. Ran 1 ga Yuli, 2022, ta sa hannu da Nijeriya a kan mayar da mallakar kaya sama da 1,100, a watan Disamba kuma ministar harkokin wajenta ta kawo kashin farko Abuja. A wannan shekara cibiyar Smithsonian ta Amurka ta sallama 29, gidan Horniman na Landan ya sallama 72. A 2025 Holan ta maido da 119.

Abin da ya fi adadi muhimmanci shi ne tsarin yarjejeniyar. Balin ta miƙa mallakar kaya 512, amma aka amince kimanin kashi ɗaya cikin uku su zauna a can a matsayin aro na shekara goma. Watau reshe ya juye da mujiya: Nijeriya ce mai ba da aro, Jamus ce mai karɓa. Kayan da yawa ba su motsa daga inda suke ba, sunansu ne ya sauya, suka zama amana a hannun mai riƙo.

Za a ga girman wannan bambanci in aka dubi Gana. A 2024, shekara 150 bayan Ingila ta ci Kumasi, wasu manyan gidajen tarihi biyu na Landan suka aika wa fadar Sarkin Asante kayan zinariya da azurfa 32, amma a matsayin aron shekara uku da za a iya sabuntawa. Jama'a sun yi murnar ganinsu, amma kayan aro ba ya rufe katara. A Balin kaya na nesa amma na mai shi ne. A Kumasi kaya na gida amma a takarda na wani ne. Gidan Tarihi na Biritaniya, mai riƙe da kayan Binin wajen 900, a kan wannan matsayi na aro ya tsaya.

7.0 Abin da Ya Rage a Kanmu

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A 1973, da Janar Yakubu Gowon zai kai ziyara Ingila, an ɗauki wani tsohon kan tagulla daga gidan tarihin Legas aka ba Sarauniya kyauta. An kuma sha yin sata a gidajen tarihinmu a shekarun 1980 da 1990. Wanda ya fi kusa da mu shi ne abin da ya sami kayan yumɓu na Nok, waɗanda aka fara ganowa a wuraren haƙar kuza a 1928. A shekarun 1990 aka yi ta tone wurarensu a kudancin Kaduna, da makamantansu a yankunan Sakkwato da Katsina, ana sayar wa dillalai. Ba sojan Rawson ne ya yi wannan ba. Uku daga cikin irin waɗannan kaya gwamnatin Faransa ta saya, aka nuna biyu a Louvre a 2000, aka yi ta cece-kuce, har a 2002 ta amince na Nijeriya ne, ita kuma Nijeriya ta bar mata su aron shekara 25. Asarar Nok ta wani fanni ta fi ta Binin muni, domin abin da aka tono ba tare da masana sun auna wurinsa da zurfinsa ba, ya rabu da shaidarsa har abada, ko da an maido shi.

Sa'an nan ga tambayar wanda zai karɓa. Daga fadar Oba aka ɗauki kayan lokacin babu wata ƙasa mai suna Nijeriya, amma ƙasashen waje da gwamnati suke yarjejeniya. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya fitar da sanarwa cewa Oba shi ne mai kayan kuma mai kula da su. Wasu a Turai suka yi ƙorafi, har Jami'ar Kambirij ta jinkirta miƙa nata a lokacin. A ganina sanarwar ta dace da tarihi, domin wanda aka ƙwata a hannunsa shi ake mayar wa, kuma mai maido da abin da ba nasa ba ba ya gindaya sharaɗi. Amma wannan bai sauke nauyi ba, ƙara shi ya yi. Tun da kayan kundi ne, tilas a rubuta kowane ɗaya, a ɗauki hotonsa, a ajiye shi inda ɗalibi da manazarci da maƙerin unguwar Igun za su iya ganinsa.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bi kayan Binin ta zango uku. A 1897 an kira su ganima, alhali bisa ma'aunin Turawa kansu ƙwace ne. Daga shekarun 1930 zuwa 1980 masu su sun roƙa, sun saya, sun nemi aro, ba su sami abin kirki ba. Daga 2021 aka fara amsa cewa mallaka tasu ce, abin da ya rage a waje kuma amana ce. Darasin da ke ciki shi ne, a duk wata tattaunawa da za a yi nan gaba, ko a kan kayan Binin, ko na Nok, ko tutoci da littattafan da aka ɗauka a yaƙe-yaƙen cin ƙasar Hausa, a fara warware maganar mallaka tukuna, kafin a shiga maganar jirgi da akwati.

Aikin da ya rataya a wuyan jami'o'inmu kuwa a fili yake. Ana bukatar masu bin asalin kaya, waɗanda za su iya zama da takardun gwanjo da wasiƙun hafsoshi su gano wa ya ɗauki me, yaushe, a ina. Ana bukatar masu gyara da adanawa, da kuma malaman da za su rubuta wannan tarihi cikin harsunanmu. Oba Akenzua II ya nemi kujeru biyu aka ba shi kwaikwayo. Jikansa, Oba Ewuare II, ya ga na ainihi sun fara shigowa fada. Abin da za a tambaye mu nan gaba shi ne yadda muka riƙe su bayan sun dawo.